Me Ya Sa Kwamfuta Take Ƙara Gutsure a Lissafi? Tambayoyi da Amsoshi kan Kuskuren Adadi Mai Ɗigo

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban ilimin kwamfuta na Jami'ar André Salifou da matasan Damagaram masu rubuta wa shaguna, farmasi da ƙungiyoyin manoma manhajar lissafi. Abu ɗaya nake so ya zauna wa mai karatu: kuskuren da kwamfuta ke yi a adadi mai ɗigo yana da dalili, yana da iyaka, kuma ana iya auna shi. Wanda ya san inda yake shiga zai iya tare shi tun bai kai ga aljihun mutane ba. A nan zan raba cikakken adadi da gutsurensa da ɗigo, kamar yadda harsunan rubuta manhaja ke yi, ko da yake a makarantunmu waƙafi aka koya mana. Waƙafi kuma zai raba dubbai.

Na tara 0.1 da 0.2, sai kwamfuta ta ba ni 0.30000000000000004. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Gwada a Python, ko JavaScript, ko Java, a waya ko a babbar kwamfuta, amsar ke nan za ka samu.

Mu muna ƙirga da tushe goma, ita kuma da tushe biyu, sifili da ɗaya kawai. A tushe goma, in ka raba ɗaya gida uku za ka samu 0.3333, ukun ba ta ƙarewa, dole a wani wuri ka ɗaga alƙalami. To a tushe biyu, ɗaya bisa goma ce ke da wannan hali: 0.000110011001100, haka nan ba iyaka. Rabi, kwata, sumuni da duk kason da aka samu ta hanyar raba abu biyu-biyu suna zama cif. Amma 0.1, 0.2, 0.3, 0.7 da ire-irensu, waɗanda mu muke gani masu sauƙi, ba su da cikakken mazauni. Sai kwamfuta ta ajiye adadin da ya fi kusa. Abin da take ajiyewa a madadin 0.1 shi ne 0.1000000000000000055511 da ƴan kai. Na 0.2 ma ya ɗan ɗara. Da aka tara su aka sake taƙaitawa, sai sakamakon ya faɗa kan adadin da ke maƙwabtaka da 0.3 ta sama, shi ne wannan 4 ɗin da ka gani a can ƙarshe.

Wa ya tsara haka, kuma me ya sa kowa ya bi?

Akwai ƙa'ida mai suna IEEE 754 da aka fitar a 1985, aka sabunta ta a 2008 da 2019. Babban wanda ya tsara ta shi ne William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma a kan irin wannan aiki ya samu lambar yabo ta Turing a 1989. Kafin ita, kowane kamfani da nasa tsarin, manhaja ɗaya sai ta ba da amsa daban-daban in an sauya mata na'ura. Ƙa'idar ta yi alkawari mai ƙarfi: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da fitar da saiwa, kowanne za a ba ka adadin da ya fi kusa da amsar gaskiya. Wannan alkawarin ne ya sa ake iya zama da takarda a lissafa yawan kuskure tun ba a kunna na'ura ba.

Mene ne bambancin float da double a aikace?

Float da double nau'o'i biyu ne na ajiye adadi mai ɗigo, kuma ana auna girmansu da bit, wato gurbin da ke ɗaukar sifili ko ɗaya. Float yana cin bit 32: ɗaya na alama, wato ko adadin yana sama ko ƙasa da sifili, 8 na nuna inda ɗigo ya tsaya, 23 na lambobin kansu. Yana riƙe lambobi wajen 7 masu inganci. Double yana cin bit 64: ɗaya, 11, da 52, yana riƙe lambobi 15 zuwa 16.

Abin da ɗalibai ke yawan tsallakewa shi ne, waɗannan lambobi 7 ana ƙirga su ne daga lambar farko ta adadin, ba daga bayan ɗigo ba. Saboda haka duk lokacin da adadi ya girma, tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa tana faɗaɗa. A float, cikakkun adadi suna zama daidai har 16,777,216. Daga nan in ka ƙara 1, babu abin da zai motsa, domin adadi na gaba shi ne 16,777,218. In asusun ɗan kasuwa ya kai sefa miliyan 100 kuma a float aka ajiye shi, takun da yake yi tamma 8 ne, wato ko dala ɗaya aka zuba ba za ta shiga yadda take ba. Miliyan 100 kuwa ba wani abin mamaki ba ne ga mai sarin hatsi ko ridi a kasuwar Dole. A double, cikakkun adadi suna zama daidai har 9,007,199,254,740,992.

Shawarata: in ba wani dalili mai ƙarfi na ƙarancin wuri ba, kada a taɓa float. A yi aiki da double.

Malam, kuskuren yana can gurbi na goma sha bakwai. Ina ruwan mai shago da shi?

In ya tsaya a can, babu ruwansa. Matsalar tana zuwa ta ƙofa uku: lokacin da ake tara shi sau dubbai, lokacin da aka ɗebe adadi biyu masu kusanci da juna, da lokacin da aka yanke hukunci a kansa, kamar kwatantawa ko datse gutsure.

Ta ukun ce ta fi kama mutane ba shiri. A PHP, ka tara 0.1 da 0.7, ka ninka da 10, ka datse gutsuren: 7 za ka samu maimakon 8, domin abin da ke ciki 7.999999999999999 ne. Kuskuren da bai kai ƙwayar ƙura ba ya zama ɗaya cur. In wannan 8 ɗin yawan katan ne da za a loda, an bar ɗaya a ƙasa.

Yaya ƙaramin kuskure yake taruwa har ya zama babba?

Mu ɗauki abin da ya shafe mu kai tsaye. Damagaram ba ta buƙatar a gaya mata darajar ruwa. A ce wani matashi ya haɗa na'urar ƙirga ruwan da famfo mai aiki da hasken rana ke turawa cikin shato, ya yi amfani da allon Arduino Uno, wata ƴar ƙaramar kwamfuta da ake haɗa na'urori da ita. Duk lokacin da 0.1 na lita ya wuce, manhajar ta ƙara 0.1 a kan jimla. A wannan allo ko ka rubuta double, bit 32 zai ba ka, daidai da float.

Kwanakin farko komai yana tafiya daidai. Da jimla ta shiga tsakanin lita 262,144 da 524,288, tazarar adadi ta kai 0.03125, sai kowane 0.1 ya shiga a matsayin 0.09375. Na'urar tana tauye ƙirga da kashi 6 cikin 100. Da ta haye 524,288, kowane 0.1 sai ya shiga a matsayin 0.125, ta koma yin ƙari da kashi 25 cikin 100. Da ta kai 2,097,152, tazarar ta zama 0.25, kuma 0.1 bai kai rabinta ba, saboda haka jimlar ta tsaya cak. Famfo na aiki, mata na ɗiba, ƴan garuwa na cika jarka, amma adadin da na'urar ke nunawa ba ya motsi. Rijiyar da ke ba da lita 20,000 a rana za ta kai wannan matsayi cikin wajen wata uku. Idan kwamitin unguwa da wannan ƙirgar yake bin mai tsaron famfo kuɗi, za a fara zarginsa da cin kuɗin ruwan da ba a taɓa sayarwa ba, daga baya kuma a rasa gane komai. Wannan ne ke sa ni ɗaukar maganar da zafi, domin mutumin da za a zarga ba shi ya rubuta manhajar ba.

Maganin ba shi da wuya. A ƙirga bugun da na'urar ke yi da cikakken adadi, 1, 2, 3, sai lokacin nunawa a raba da 10. Ga mai son gwadawa a kwamfutarsa: tara 0.1 sau miliyan ɗaya a float, zai samu wajen 100,958 maimakon 100,000.

To kuɗi fa, da me zan ajiye su?

Da cikakken adadi. A nan mun yi sa'a, domin sefa ba ta da gutsuren da ake kashewa, ko tamma ɗaya ma da wuya ka gan ta a hannu, dala ce ƙaramar da ke yawo. Ajiye farashi, bashi da jimla duk a tamma, cikin cikakken adadi mai bit 64. Mai bit 32 yana cika a 2,147,483,647, kuma jimlar cinikin shekara na iya wuce haka. In manhajar tana karɓar naira, kasancewar Magarya da Matamaye suna bakin iyaka, ajiye ta a kobo. Yuro kuma a santim.

Inda dole sai an yi gutsure, kamar farashin lita ko kuɗin ruwa, akwai nau'in adadi mai aiki da tushe goma: decimal a Python, BigDecimal a Java, DECIMAL ko NUMERIC a rumbun bayanai. Sai dai a kula da tarko ɗaya. In ka ba BigDecimal adadin 0.1 kai tsaye, ya riga ya gurɓace kafin ya isa, zai kwafe kuskuren duka. Ba shi a matsayin rubutu, "0.1", cikin alamar zance.

Na bi wannan shawara, amma jimlar faktir ɗina tana saɓawa da ta akanta da tamma ɗaya ko biyu. Me ya rage?

Wannan ba laifin tushe biyu ba ne, saɓanin wurin taƙaitawa ne. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Kaya na tamma 1,250 harajinsa 237.5. In kaya uku ne kuma ka taƙaita kowane layi, 238 sau uku, 714 ke nan. In ka tara su tukuna, 3,750, harajin 712.5, ya zama 713. Dukanku ba wanda ya yi kuskuren lissafi. Ku zauna da akantan ku tsayar da wuri ɗaya da za a riƙa taƙaitawa, a rubuta shi, manhajar ta bi.

A kuma san cewa harsuna ba su yi ittifaƙi kan rabi ba. Python yana kai 2.5 zuwa 2, yana kai 3.5 zuwa 4, wato yana zaɓar adadin da ke rabuwa biyu, don kada taƙaitawa ta riƙa karkata sama kullum. Excel kuma yana kai 2.5 zuwa 3. Sannan round(2.675, 2) a Python yana ba da 2.67, saboda abin da aka ajiye ya ɗan gaza 2.675.

Canjin kuɗi ma haka. Tun 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne. In za ka mayar da sefa yuro, raba da 655.957. Kada ka juya shi ka ajiye 0.001524 kana ninkawa: a kan sefa miliyan 10 za ka samu yuro 15,240 maimakon 15,244.90, an yi asarar sama da jika uku.

Ina rubuta manhajar rabon gado. Sulusi da sudusi ba sa zama daidai ko a decimal. Yaya zan yi?

Bi hanyar malaman fara'ili, domin sun warware wannan tun da daɗewa. Suna neman asalin mas'ala, adadin da kowane kaso zai fita a cikinsa ba gutsure. In akwai mata mai sumuni da uwa mai sudusi, asalin 24 ne: mata 3, uwa 4, saura 17 na ƴaƴa. Duk lissafin da cikakken adadi ake yinsa. Python yana da Fraction mai riƙe sama da ƙasa daban, ya tara ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida ya ba ka bakwai bisa ashirin da huɗu cif. Rabawa zuwa sefa ita ce matakin ƙarshe, sau ɗaya tak. In tamma ɗaya ko biyu ta rage, manhajar ta nuna ta a fili magada su san da ita. Hakkin marayu ne, bai kamata ya narke a cikin taƙaitawa ba.

Ana cewa ɗebewa ta fi kowane lissafi haɗari. Gaskiya ne?

Ɗebewar kanta ba ta da laifi. In adadi biyu suna kusa da juna sosai, kwamfuta tana fitar da bambancinsu daidai. Abin da ke faruwa shi ne lambobin gaba masu inganci suna cinye juna, sai na baya, waɗanda dama kuskure ke cikinsu, su dawo gaba. Ɗebe 12.34561 daga 12.34567: amsa 0.00006. Ka shiga da lambobi bakwai, ka fito da ɗaya, kuma in kowanne yana da kuskuren rabin gurbin ƙarshe, amsar gaskiya tana iya zama ko'ina daga 0.00005 zuwa 0.00007. Kamar mutum ne ya so sanin nauyin tiya ɗaya ta gero, sai ya ɗora ta a kan tirela, ya auna tirelar a sikelin manyan motoci, ya sauke tiyar ya sake aunawa, ya ɗebe. Sikelin bai yi ƙarya ba, amma tiyar ta ɓace a cikin takunsa.

Masu auna filaye su ne suka fi fuskantar wannan a garinmu. A tsarin UTM, wanda ke nuna matsayin wuri a taswira da mitoci, Damagaram tana yanki na 32, adadin gabas wajen mita 500,000, na arewa wajen mita miliyan ɗaya da rabi. Dabarar da aka saba fitar da faɗin fili da ita tana ninka adadin gabas na kusurwa ɗaya da na arewa na kusurwa ta gaba, sannan ta ɗebe. Kowane ninki yana kai wajen biliyan 750. A float, tazarar adadi a wannan girma 65,536 ce. Filin da ake nema kuwa mita 20 ne sau 30, wato 600. Amsar da za ta fito ba ta da alaƙa da filin ko kaɗan. A double tazarar ba ta kai 0.001 ba, an tsira. Amma gyara mafi kyau shi ne a ɗauki kusurwa ɗaya a mayar da ita sifili, a ɗebe ta daga sauran tun farko, sai a yi lissafi da 20 da 30 maimakon miliyoyi. Rikicin iyakar fili ba ƙaramin abu ba ne tsakanin maƙwabta, bai dace manhaja ta zama sanadinsa ba.

Sau da yawa sake fasalin dabara ne magani. Saiwar x+1 a ɗebe saiwar x, in x ya kai 1 mai sifili 16, double zai ba ka sifili. Rubuta shi a matsayin 1 a raba da jimlar saiwoyin biyu, za ka samu 0.000000005, wadda ita ce amsar. Haka ma masu lissafin yadda ruwan sama ko farashi ke warwatsuwa daga matsakaici: dabarar tara murabba'ai a ɗebe murabba'in jimla tana iya ba da adadi ƙasa da sifili, abin da ba zai yiwu ba. Hanyar Welford ta 1962, mai gyara matsakaici a kowane mataki, ba ta da wannan ciwo.

Me ya sa sauya jerin tarawa yake sauya amsa?

Domin ana taƙaitawa bayan kowane mataki. Tara 0.1 da 0.2 sannan ka ƙara 0.3: 0.6000000000000001. Tara 0.2 da 0.3 tukuna sannan ka ƙara 0.1: 0.6. Shi ya sa manhajar da ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalen na'ura da yawa take iya ba da amsar da lambobinta na ƙarshe ke sauyawa daga gudu zuwa gudu.

In adadin da za a tara suna da yawa, akwai dabarar Kahan ta 1965, mai riƙe abin da ya zube a kowane mataki ta mayar da shi a na gaba. A nan x shi ne sabon adadin da za a ƙara, bashi kuma abin da ya zube:

y = x - bashi
t = jimla + y
bashi = (t - jimla) - y
jimla = t

A takarda bashi sifili ne kullum. A kwamfuta kuwa shi ne gutsuren da ya faɗi. Don haka a kiyayi zaɓin -ffast-math na GCC, mai fassara manhaja zuwa harshen na'ura, domin yana ba shi izinin ɗaukar lissafin kamar na takarda, ya share dabarar gaba ɗaya. Mai Python ya yi amfani da math.fsum ya huta.

Yaya zan kwatanta adadi biyu in alamar daidai ba abin dogaro ba ce?

Tambayi ko sun kusanci juna gwargwadon girmansu. A Python math.isclose yana yin haka, kuma in ba ka ce komai ba yana yarda da bambancin ɗaya cikin biliyan. In kana kwatantawa da sifili, dole ka ba shi iyaka tsayayya, wadda aikin ne zai faɗa maka ita: milimita ga mai auna fili, giram ga mai sikeli. Kada a kwafi 0.00001 daga wani wuri a liƙa ko'ina.

Kuma kada a yi madauki mai ƙara 0.1 yana jiran ya kai 1.0 daidai. Bayan taku goma 0.9999999999999999 zai samu, ya tsallake, ya yi ta tafiya. A ƙirga taku da cikakken adadi.

Mene ne NaN da Infinity da nake gani a rahoto?

Infinity yana fitowa in adadi ya wuce iyaka, wajen 1.8 sau 10 mai ƙarfin 308 a double, ko in an raba da sifili a harshe irin JavaScript. NaN yana nufin abin da ya fito ba adadi ba ne, kamar sifili a raba da sifili. Duk lissafin da ya taɓa NaN ya zama NaN, kuma bai yi daidai da kowa ba, har da kansa. A neme shi da umarnin isnan, a tare shi a inda ya fara.

Excel ma yana da wannan matsala?

Yana da ita, double yake amfani da shi, sai dai yana nuna lambobi 15 kawai, yana kuma ɓoye wasu gutsattsarin. Rubuta =1*(0.5-0.4-0.1) za ka ga wani ɗan mitsitsin adadi ƙasa da sifili maimakon sifili. In ka shigar da lambar kati mai lambobi 16, ta ƙarshe za ta koma sifili, kuma ba ta dawowa. Lambar waya, lambar asusu da lambar kati suna ne, ba a tara su ba a ninka su, a ajiye su a matsayin rubutu.

Akwai kuma namu na gida: Excel na Faransanci yana rubuta 1,5 da waƙafi. In an fitar da fayil aka ba JavaScript, parseFloat, umarnin da ke mayar da rubutu adadi, zai karanta 1 ya watsar da rabin, ba tare da ya yi ko tari ba. Na fi ganin wannan a rahotannin ƙungiyoyi fiye da duk sauran da na lissafa.

An taɓa yin babbar asara saboda irin wannan?

An yi, har da ta rayuka. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dahran a Saudiyya ta kasa tare makamin Scud, ya faɗa barikin sojan Amurka ya kashe 28. Agogon na'urar yana ƙirga ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an kuma datse 0.1 a bit 24. Bayan awa wajen 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai 0.34 na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci Scud yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda makamin ba ya nan.

Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kuru, a Giyanar Faransa. An tura adadi mai ɗigo na bit 64 cikin cikakken adadi na bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Manhajar an gaje ta ne daga Ariane 4, wadda gudunta a wannan mataki bai taɓa kai adadin can ba.

Wanda ya fi kama da aikinmu na yau da kullum shi ne na kasuwar hannun jari ta Bankuba a Kanada. Ma'auninta ya fara da 1,000 a 1982. Duk lokacin da aka sabunta shi, sau dubbai a rana, ana datse shi a gurbi uku maimakon a kai shi ga mafi kusa. A Nuwamban 1983 yana nuna 524.811, da aka sake lissafi daidai sai ga shi 1,098.892. Datsewa kullum ƙasa take ja, shi ya sa kuskurenta ba ya kashe juna.

Ta yaya zan auna kuskuren da ke cikin manhajata?

Fara da takarda. Kowane mataki a double yana iya kawo kuskuren da bai wuce kusan 1.1 cikin 10 mai ƙarfin 16 na girman amsar ba. A float kusan 6 cikin miliyan 100 ne. In kana tara adadi miliyan ɗaya duk masu alama ɗaya, mafi munin abin da zai faru shi ne ka ninka wannan da miliyan: a double ɗaya cikin biliyan 10, ba abin damuwa, a float kashi 6 cikin 100, abin damuwa ƙwarai.

Sannan gwaji. Gudanar da lissafin a float da double ka ga lambobi nawa suka yi daidai. Sake yinsa da mpmath, kayan aikin Python mai lissafi da lambobi masu yawa, a lambobi 50 ka ɗauke shi ma'auni. Juya jerin bayanan ka sake tarawa. Sauya abin da ka shigar da ɗan kaɗan, a gurbi na goma misali, ka ga yadda amsa ta motsa. Wannan na ƙarshen yana raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. In ƙaramin sauyi a bayanai yana girgiza amsar ko da an yi lissafin da lambobi 50, matsalar kanta ce mai saurin girgiza, kuma babu dabarar da za ta cece ka sai ƙarin ingancin awo. In kuwa lissafi mai lambobi 50 ya tsaya daram amma naka yana rawa, hanyarka ce ke da rauni, a sake ta. James Wilkinson na Ingila, wanda ya samu lambar Turing a 1970, shi ya kafa wannan salon tunani: a tambayi wace matsala ce amsar da aka samu ta warware daidai, kuma yaya nisanta da wadda aka bayar.

Kada kuma a manta da na'urar awo. GPS na waya yana kuskure da mitoci, sikelin kasuwa da giram da yawa. Nuna lambobi 12 bayan ɗigo a kan irin wannan awo yaudarar mai karatu ne.

Na gaji manhajar shago da aka riga aka ajiye kuɗi a FLOAT. Daga ina zan fara?

Kwafi rumbun bayanan tukuna, ka ajiye kwafin a wani wuri. Buɗe sabon ginshiƙi na cikakken adadi, ka cika shi ta hanyar kai kowane tsohon adadi ga mafi kusa, ban da datsewa, domin 1,249.9999 asalinsa 1,250 ne. Jimlolin da aka riƙa tarawa a hankali kada ka yarda da su, sake lissafa su daga layukan ciniki ɗaya-ɗaya. Duk adadin da ya wuce 16,777,216 a FLOAT mai bit 32 wataƙila ya riga ya rasa lambobinsa na ƙarshe, sai an koma ga faktir na takarda ko littafin mai shago. Fitar da jerin duk inda tsohon adadi da sabo suka saɓa, ka zauna da mai shagon ku bi su, musamman basussukan abokan ciniki, kafin ka goge tsohon ginshiƙin.